Daga Yamai Zuwa Jidda: Nisan Hanya, Awannin Jirgi, Da Sallar Da Ke Kuɓuce Wa Maniyyaci A Sama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk shekara idan muka zauna bita da maniyyata akwai tambayar da ba ta fashi: "Malam, awa nawa ne daga nan zuwa can?" Galibi mai tambayar ƙafarsa yake tunani, yadda za ta sage a kujera, ko kuwa yana lissafin lokacin shan maganinsa. Ni kuwa duk sanda na ji ta sai in tuna wani dattijo da muka zauna kusa da juna a jirgi, a farkon shekarun 1990, lokacin da aikin hajji ke faɗowa a watan Yuni.

Jirginmu ya tashi daga Yamai wajen ƙarfe 11 na dare. Dattijon nan mai kiyaye salla ne, tun a filin jirgi na lura da shi. Ya ce mini, "Malam, bari in ɗan runtsa. Asuba sai biyar da ƴan mintoci, agogon nan nawa ba ya ƙarya." Ni ma barci ya sace ni. Abin da ya farkar da mu shi ne wani matashi da ke bakin taga ya ɗaga murfinta, sai ga hasken rana ya cika jirgin. Dattijo ya dubi agogonsa, huɗu ba ta cika ba. Sai ya hau salati. Agogon bai yi ƙarya ba, lokacin Yamai yake faɗa, mu kuwa mun baro Yamai da kilomita sama da 3,000. Asuba ta shiga ta fita muna barci. Ba mu gama jimamin wannan ba aka yi shelar cewa miƙati ya matso, shi kuwa haraminsa na cikin babbar jaka a ƙarƙashin jirgi.

Wanda barci ya ɗauke babu zunubi a kansa, idan ya farka sai ya rama. Amma ni da na karanta babin lokutan salla gaban malamai, na ji kunyar kaina ranar. Tun daga nan nake tsawaita amsar wannan tambaya.

Nisan da ke tsakani

Daga filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke arewacin Jidda, idan aka auna ta hanya mafi gajarta, kimanin kilomita 4,000 ne. Zuwa filin jirgin Madina kuwa kimanin 4,100. Wani lokaci allon da ke cikin jirgi yakan nuna 2,500 ko 2,170, sai mutum ya rikice. Nisan bai canza ba, ma'aunin ne daban. Na farko mil ne irin na tudu, mai mita 1,609. Na biyu mil ne na matuƙa jiragen ruwa da na sama, mai mita 1,852.

Da yake duniya ƙwallo ce, ba shimfiɗaɗɗiyar tabarma ba, hanya mafi gajarta ba a gane ta sosai a taswirar bango. Ɗalibi ya sami ƙwallon taswira irin na makarantun boko, ya ɗora bakin zare a kan Yamai, ya ja ɗaya bakin zuwa Jidda, ya ɗame shi. Zai ga zaren ya bi ta kudancin Tawa, ya shiga hamadar gabashin Nijar, ya ratsa arewacin Chadi wajen Faya, ya kusa shafar kusurwar Libiya, ya faɗa arewacin Sudan, ya ƙetare kogin Nilu arewa da Dongola, sannan ya fito bakin Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Daga nan ruwa ne, kilomita 200 da wani abu, sai Jidda.

Wannan zaren ba baƙonmu ba ne. Kusan shi ne alƙiblarmu. Alƙiblar Yamai tana wajen daraja 72 idan aka fara ƙirga daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa hagu, kuma Jidda da Makka maƙwabta ne idan aka hango su daga nan. Ma'ana, jirgin da ya miƙe daga Yamai zuwa Jidda hancinsa na kallon alƙibla, kuma duk wanda ke zaune a kujerarsa ita yake fuskanta. A riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba.

Wani abin da ke ba ni mamaki duk lokacin da na duba lissafin: Yamai zuwa Addis Ababa ma kimanin kilomita 4,000 ne, Yamai zuwa Istanbul haka, Yamai zuwa Paris ma saura kaɗan ya cika hakan. To mai zuwa umara da ya yanki tikitin da zai biya ta Addis Ababa ya sani ya riga ya ci nisan Jidda kafin ya sauka Habasha, sannan akwai sauran kimanin kilomita 1,400 a gabansa, jimilla wajen 5,400. Wanda ya bi ta Istanbul kuwa sauran kusan 2,400 ne, jimilla wajen 6,400, ban da zaman jira a tsakani, wanda sau da yawa ya fi tafiyar kanta cin lokaci.

Kakanninmu wannan nisan suka taka da ƙafa da jaki da raƙumi, ta Borno da Abeche da Fashir da Al-Ubayyid har Sawakin. Ayarin da ke cin kilomita 35 a yini zai yi kwana sama da 110 ko da bai huta ba, ko da hanyar miƙaƙƙiya ce, alhali ba haka take ba. Shi ya sa wasu ke shekaru, suna tsayawa su yi noma su sami guzuri, wasu kuma ba su koma gida ba, zuriyarsu na nan a Sudan a garuruwa irin Mai Wurno. Abin da ayari ke ci a yini, jirgi na cinye shi cikin ƙasa da minti 3. Duk wanda ya karanta aya ta 7 da ta 8 na Suratun Nahli, inda Allah ke ambaton ni'imar ababen hawa da abin da zai halitta wanda mutanen wancan lokaci ba su sani ba, ya zauna a kujerar jirgi ya yi wannan lissafin, jikinsa zai yi sanyi.

Awa nawa ke nan?

Manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai suna tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, da gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Idan aka raba 4,000 da wannan gudu za a sami awa 4 da rabi da ƴan mintoci. Amma jirgi ba ya fara wannan gudu daga bakin ƙofa. Akwai tafiyar da yake yi a ƙasa kafin ya tashi, akwai wajen minti 20 na hawa, akwai kusan rabin awa na saukowa wanda a cikinsa yake rage gudu. Sannan ba kan zaren nan yake bi daidai wa daida ba. Sararin sama na da hanyoyinsa da aka shata, kowace ƙasa da jami'anta masu ba da izinin wucewa. Idan aka haɗa duka, tafiya kai tsaye takan ɗauki awa 5 zuwa 5 da rabi. A misalan da zan kawo zan riƙa lissafi da 5 da rabi.

Abu biyu ke ƙara ko rage wannan. Na farko iska. A can sama akwai iskoki masu ƙarfi da ke gudana kamar kogi. Lokacin sanyi galibi daga yamma suke busawa zuwa gabas, sai su tura mai zuwa Jidda, su tokare mai dawowa. Lokacin damina kuwa, a sararin yankinmu iskar gabas ce ke da ƙarfi, sai abin ya juya. Na sha jin ɗalibai na cewa dawowa ta fi sauri domin duniya na juyawa a ƙarƙashin jirgi, wai Yamai ce ke tahowa ta tarye shi. Wannan ba haka ba ne. Iskar da jirgin ke iyo a cikinta tare take juyawa da ƙasa. Da maganar gaskiya ce, da shirwa ta tsaya cak a sama da safe ta sauka wata ƙasa da yamma.

Na biyu halin da ƙasashen hanya ke ciki. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, alhali ita ce tsakiyar hanyar alhazan Afirka ta Yamma. Wanda zai kauce wa Sudan dole ya zagaya, ko ta arewa ya faɗo ta Masar, ko ta kudu ya ɓullo ta Habasha, kuma zagayen na iya ƙara awa ɗaya ko biyu. Allah Ya kawo wa ƴan'uwanmu na Sudan zaman lafiya. Saboda haka maniyyaci ya tambayi jagoransa ko ma'aikatan jirgi abu biyu tun kafin a tashi: awa nawa za a yi, kuma ta ina za a bi.

Sai kuma ruɗanin tikiti. Ƙa'idar kamfanonin jirage ita ce a rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. Saudiyya na gaban Nijar da awa 2. Tikitin da ya ce tashi 10:00 sauka 17:30 ba awa 7 da rabi yake nufi ba, 5 da rabi ne. Na dawowa da ya ce tashi 10:00 sauka 13:30 shi ma 5 da rabi ne, ba 3 da rabi ba.

Agogo da rana

A nan maganar take. Shari'a ba ta rataya salla da agogo ba. Da rana ta rataya ta: gushewarta daga tsakiya, tsawon inuwa, faɗuwarta, ɓacewar shafaƙi, ketowar alfijir. Agogo hadimi ne da ke ƙiyasta mana waɗannan a garin da muke zaune. Idan muka bar garin da gudun kilomita 15 a minti ɗaya, hidimarsa ta ƙare.

Malaman falaki sun raba zagayen duniya daraja 360. Rana na ratsa daraja 15 a awa, wato daraja ɗaya a minti 4. Tsakanin Yamai da Jidda daraja 37 ne ta fuskar gabas. Idan aka ninka da 4 za a sami minti 148, kusan awa 2 da rabi. Wato rana na gushewa a Jidda kafin ta gushe a Yamai da awa 2 da rabi, duk da agogon hukuma awa 2 kawai ya bambanta. To mai tafiya gabas, cikin awa 5 da rabi da ya zauna, rana ta yi masa tafiyar awa 8. Lokutan salla na zuwar masa da gaggawa kuma suna fita da gaggawa. Mai dawowa yamma kuwa, cikin awa 5 da rabin nan tafiyar awa 3 kawai rana ta yi masa.

Mu koma ga dattijon nan. An tashi 11 na dare a lokacin zafi. Alfijir ya keto wa jirgin yana kan Sudan, agogon Nijar na nuna wajen ƙarfe 3. Tazarar da ke tsakanin alfijir da hudowar rana, wadda a ƙasa takan kai awa ɗaya da minti 20, ta tsuke ta koma ƙasa da awa ɗaya. Ƙari a kan haka, wanda ke tsayin kilomita 11 yana ganin rana kafin mutanen da ke ƙarƙashinsa su gan ta. Kafin huɗu ta cika lokaci ya fita. Asuba kuwa ba a haɗa ta da wata salla, ba a jinkirta ta. Duk wanda jirginsa zai tashi tsakanin 10 na dare da 1, ya sa a ransa cewa Asubarsa a sama za ta same shi, kuma taga ce ladaninsa. Idan ya ga farin haske ya shimfiɗu a gefen gabas, ya tashi. A jirgi mai zuwa Jidda wannan hasken ta gaba yake fitowa, ana hango shi ta tagogin ɓangarorin biyu.

Ƙasaru da haɗa salla

Asalin ƙasaru na cikin aya ta 101 ta Suratun Nisa'i da aikin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, a tafiye-tafiyensa. A mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi, kuma nisan da ke halatta ta buridi 4 ne, wato mil 48 da milin malaman fiƙihu, abin da ya kama kilomita 80 da ƴan kai. Tafiyar zango biyu ke nan ta raƙuma masu kaya. Jirgi na gama ta cikin minti 6, kuma tafiyarmu ta ninka ta kusan sau 50. Wasu sukan ce ai babu wahala a jirgi, ga sanyi ga abinci, don me za a rage salla? Amsa ita ce an rataya hukuncin da nisan tafiya, ba da gajiyar jiki ba, domin gajiya ba ta da ma'auni ɗaya tsakanin mutane. Malaman da ma sun ƙaddara mas'alar wanda ya yanke wannan nisa cikin ɗan lokaci kaɗan, suka ce zai yi ƙasaru.

Yaushe ake farawa? Idan mutum ya wuce gine-ginen garinsa. A nan maniyyata biyu da ke zaune kan benci ɗaya a filin jirgin Yamai hukuncinsu ya bambanta. Mutumin Damagaram ya riga ya yi kusan kilomita 900 a mota zuwa yamma, domin ya hau jirgin da zai mayar da shi gabas, alhali garinsa ya fi Yamai kusa da Jidda da wajen kilomita 700. Shi matafiyi ne tun da ya bar Damagaram. Idan ya iso aka yi ta ɗaga tashi, yau ne gobe ne, bai ƙulla niyyar zaman kwana 4 cikakku ba, zai ci gaba da ƙasaru ko da jiran ya yi tsawo, sai fa idan ya bi liman mazaunin gari. Amma mutumin Yamai, gidaje sun riga sun kai har bakin filin jirgin, bai fita garinsa ba. Zai cika salla har jirgi ya tashi. Idan kuma aka isa Madina ko Makka da niyyar zaman kwana 4 ko fiye, kowa ya koma cikawa.

Haɗa salla biyu, Azahar da La'asar ko Magariba da Isha'i, littattafan Malikiyya sun keɓe rangwamensa ga matafiyin tudu, ban da na jirgin ruwa. Malaman zamani sun yi magana a kan inda jirgin sama ya faɗa. Abin da zuciyata ta natsu da shi shi ne ya fi kama da mahayin da ba shi da ikon tsayar da ayari, domin haka ya haɗa. Misali biyu sun isa.

Jirgi ya tashi 10 na safe. Rana ba ta gushe ba, babu halin gabatar da komai. Bayan kimanin awa 2, wajen iyakar Nijar da Chadi, Azahar za ta shiga, agogon Nijar na nuna 12, alhali a Yamai da sauran kusan awa ɗaya. La'asar ma a sama za ta shiga. Za a sauka 5 da rabi na yamma agogon Saudiyya, kuma a watan Mayu ko Yuni rana na faɗuwa a Jidda wajen 7. Wanda rana ta gushe masa yana kan abin hawa, kuma zai sauka kafin ta faɗi, yana da damar jinkirta su biyun ya yi su a ƙasa, raka'a biyu biyu. Sai dai ina jan kunne: da an sauka a yi su, kafin a shiga layin duba fasfo. Layin nan ya cinye La'asar ɗin mutane da yawa. Idan kuwa lokacin sanyi ne, rana na faɗuwa kafin 6, to kada a yi caca da salla, a yi su cikin jirgi.

Misali na biyu, jirgi ya tashi 2 na rana. Za a sauka 9 da rabi na dare agogon Saudiyya, La'asar za ta shiga ta fita a sama. Matafiyi irin mutumin Damagaram ya haɗa Azahar da La'asar a filin jirgi kafin ya hau, sannan ya jinkirta Magariba ya haɗa ta da Isha'i a Jidda. Mutumin Yamai ya yi Azahar raka'a 4. Game da La'asar ɗinsa, wasu malamai sun ba shi damar gabatar da ita cikakkiya idan ya san ba zai iya yin ta yadda ya kamata a jirgi ba, wasu suka ce ya bari ya yi ta a sama cikin lokacinta. Ga tsofaffi da mata ina ba da fatawa da na farko.

Salla a cikin jirgi ta inganta, ƙiyasi a kan jirgin ruwa. Shehu Muhammadul Amin Ash-Shinƙiɗi, mai tafsirin Adwa'ul Bayan, Allah Ya yi masa rahama, ya rubuta ƙaramar risala a kan haka. Wanda ya sami wurin tsayuwa ba tare da ya tare hanya ko ya saɓa wa umurnin ma'aikata ba, ya tsaya ya fuskanci alƙibla ya yi ruku'u da sujada. Wanda bai samu ba, kuma lokaci zai fita, ya yi a kujerarsa da nuni, ya sunkuya wa sujada fiye da ruku'u. A tafiya kai tsaye zuwa Jidda alƙibla na gabansa kamar yadda muka faɗa. Zuwa Madina tana gaba da ɗan karkata dama, karkatar na ƙaruwa yayin da ake matsowa. A dawowa tana bayansa, sai ya juya gwargwadon ikonsa, kuma an so ya sake sallar idan ya sauka lokacinta bai fita ba. Shawarata ita ce a hau da alwala a kuma rage shan shayi. Makewayin jirgi ƙarami ne, mutum ɗari uku ba za su yi alwala a ciki cikin minti 50 ba, kuma malale shi da ruwa cutarwa ce. A sa ɗan ƙaramin dutse mai tsarki a jakar hannu saboda taimama, domin a mazhabarmu ba a yin ta a kan yadin kujera.

Masu dawowa daga umarar Ramadan su ma abin ya shafe su, ta ɗaya fuskar. A ce jirgi ya bar Jidda 4 na yamma, a kwanakin da ake shan ruwa can wajen 6 da rabi. Jirgin na bin rana a baya, faɗuwarta sai ta yi nawa. Mutanen Jidda za su sha ruwa su yi Isha'i, shi yana ganin rana ta taga, ba za ta ɓace masa ba sai bayan ƙarin awa 2 ko fiye. Ba zai sha ruwa da agogon Jidda ba, ba kuma da na garin da ke ƙarƙashinsa ba. Sai ƙwayar ranar ta ɓace daga inda yake. Wanda ya san ba zai jure ba ya ɗauki rangwamen matafiyi tun da dare bisa sharuɗɗansa, domin a wajen Malikiyya matafiyin da ya kwana da niyyar azumi ba ya karya shi da rana sai da larura.

Miƙati

Wanda jirginsa zai sauka Madina babu harami a kansa a sama. Zai ɗauka a Zul Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, ranar da zai fita zuwa Makka, tafiyar kilomita 400 da wani abu.

Mai sauka Jidda da nufin wucewa Makka shi ne ke da aiki. Miƙati ba ya bin ƙasar da mutum ya fito, hanyar da ya biyo yake bi. Wanda ya faɗo ta arewa, daga Masar ko Istanbul, zai daidaici Juhufa kusa da Rabig. Wanda ya ɓullo ta kudu, daga Habasha, zai daidaici Yalamlam. Wanda ya miƙo daga yamma sak, ta kan Sudan, a kansa aka yi saɓani. Wasu malaman da sun ce mai tahowa daga Sawakin ba ya daidaitar wani miƙati kafin Jidda, sai ya ɗaura daga can. Daga cikin na zamani, Shehu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar da Shehu Mustafa Az-Zarƙa sun halatta wa masu zuwa ta jirgin sama su ɗaura a Jidda. Amma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa mai zuwa ta sama ya yi harama idan ya daidaici miƙati. Ba na cewa aikin wanda ya bi fatawar farko ya ɓaci. Sai dai mutumin da ya sayar da shanunsa ya zo sau ɗaya a rayuwa, na fi so ya fita daga saɓani.

Lissafin nisa a nan ma yana taimakawa. Jirgi na ƙetare Bahar Maliya cikin minti 20 zuwa 25, kuma ko yana saukowa yakan ci kilomita 8 zuwa 10 a minti. Wanda ya jira shela sannan ya tashi neman makewayi ya canza tufa, kafin ya fito an wuce. A yi wanka a gida ko a masauki, a sa zanen harami tun a Yamai ko a tsakiyar tafiya. Sa zane ba shi ne harama ba, niyya ce harama. Idan aka yi shela sai a ƙulla niyya a fara talbiyya. Idan ba a ji shela ba, da an ga saura kamar rabin awa a sauka, ko an hango teku a ƙasa, a ƙulla. Gabatar da niyya kafin miƙati makaruhi ne a wajenmu amma ta ƙullu, wuce shi kuwa sannan a yi harama yana wajabta yanka. Mace tufafinta na yau da kullum sun isa, kuma ko tana cikin al'ada za ta ƙulla niyya tare da jama'a, ɗawafi kawai za ta jinkirta.

Wanda kuma ya sami kansa a halin dattijon nan, harami na cikin kayan da ke ƙarƙashin jirgi, kada ya ce bari sai an sauka. Ya ƙulla niyya a yadda yake, ya buɗe kansa, ya cire abin da zai iya cirewa ba tare da tsiraicinsa ya bayyana ba. Abin da ya rage a jikinsa na ɗinkakken tufa fidiya ce a kansa, kuma da zaɓi: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya. Haka na gaya masa ranar. Ya cire hula da babbar riga da ƴar ciki, ya warware rawaninsa ya yafa a kafaɗa, ya bar wando, muka yi talbiyya tare muna kallon ruwa a ƙarƙashinmu. Asuba kuwa mun riga mun rama ta a zaune tun da muka farka. Da muka shiga Makka ya ciyar da miskinai shida.

Wallahu a'alam.